Belin Ɗan Fari

Har gobe ban taɓa mantawa da wata Alhamis ta ƙarshen damina ba, ranar da na tsaya a gaban majistare a Gwaram ina neman a yarda wata tsohuwa ta tsaya wa ɗanta beli. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan yi mini ƙorafi, wai ƙaramin lauya ba shi da aiki sai ɗaukar jakar oga da zuwa kotu karɓo rana, wato a ɗage shari'a a ba shi ranar dawowa. Ni ma da haka na fara. Wannan shari'ar ma da zan ba ku labarinta, karɓo rana aka aike ni.

A lokacin ina shekarata ta biyu da zama lauya, ina aiki a wani ƙaramin ofis a Birnin Kudu ƙarƙashin Barista Garba, dattijon da ya yi furfura a cikin harkar. Daga ni sai shi sai sakatariya. Kullum daga gidanmu a Wurno nake shigowa motar haya, da baƙar abayata da jakar fayil wadda ta fi ni nauyi.

Kowa ya san abin da ke faruwa da ƙasa a yankinmu a 'yan shekarun nan. Kamfani zai zo da takardar izini daga sama, a yanka masa fili ya noma riɗi ko shinkafa, a ce za a sama wa matasa aiki. Wani lokaci kuma ana samar musu, ba na musun wannan. To, wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba ya sami irin wannan fili a wajen Zandam bayan zaɓe, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masu shi na kusa da waɗanda suka ci. Da suka zo kafa shingen waya sai suka haɗa da wani yanki na burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya tun kaka da kakanni.

Wanda muke karewa sunansa Haruna, magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai. Bafillace ne, amma irin Fulanin da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo, Hausa ma ta fi Fillanci zama a bakinsu. Wata safiya ya koro shanu ta inda ya saba, suka tarar da waya, suka ture ta suka faɗa cikin riɗi. Aka kama shi, aka tuhume shi da shiga gona ba izini da kuma ɓarna. Ya ce shi burtali ya bi. Kafin ranar da nake ba ku labari ya kusa wata biyu a gidan yari, kuma zazzaɓi ya fara cin sa a can.

Ga waɗanda ba lauyoyi ba, beli ba sallama ba ce. Ana sakin mutum ne ya riƙa zuwa kotu daga gida, bisa sharaɗin wani ya tsaya masa, ya ɗau alkawarin kawo shi duk ranar da aka nema. Alƙali ya riga ya ba Haruna beli. Sai dai ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce makiyayi ne, gobe yana iya kaɗa shanunsa ya ɓace, don haka alƙali ya gindaya sharaɗi: mai tsayawa ya zama mai unguwarsu, ko ɗaya daga cikin iyayen da suka haife shi, kuma ya mallaki gona a yankin. Mahaifinsa ya rasu. Mai unguwa kuwa, da ya ji sunan masu kamfani, sai ciwon ƙafa ya kama shi. Saura mahaifiyarsa, Inna Habi, wadda ke da gonar da ta gada a wajen ubanta.

Ranar Laraba da yamma Barista Garba ya miƙo mini fayil.

"Rakiya, gobe ki je Gwaram kan maganar yaron nan na Zandam. Ki karɓo rana kawai."

"Yallaɓai, ai mahaifiyarsa ta ce za ta tsaya. Na riga na shirya mata takardar rantsuwa."

"Ta je an ce mata ba a karɓar mace."

"Doka ba ta ce haka ba. Kuma na ji alƙalin zai tafi hutun shekara daga Litinin. In ba a gama gobe ba, yaron nan sai ya ƙara fiye da wata a ciki."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Na san abin da doka ta ce, ni na nuna miki wurin. Amma masu gonar nan ba ƙananan mutane ba ne, kuma a garin nan muke neman abinci. In kin ga za ki iya, bismilla. Kada dai ki ɗaga wa kowa murya."

Wannan "bismilla" ɗin ita kaɗai na ji a duk maganarsa.

Da safe na tarar da Inna Habi a harabar kotu tare da 'yarta Mairo, ƙanwar Haruna. Doguwar mace ce siririya, ta lulluɓe da baƙin mayafi, ga ƙwarya a ɗaure cikin tsumma a gefenta. Aka shigo da Haruna tare da sauran fursunoni, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Mairo ta fashe da kuka. Inna Habi kuwa ta kawar da kai ta kama kallon bango.

A bencin lauyoyi na tarar da wani babban lauya da kamfanin ya turo, ya sha kwat mai tsada da turare. A shari'ar laifi irin wannan ba shi ke gabatar da ƙara ba, aikin Sufeto ne, ɗan sandan nan da ya ce Haruna zai ɓace. Shi ya zo sa ido ne kawai a madadin masu ƙorafi, ba ya magana sai da izinin kotu. Amma ya zauna daf da Sufeto, bakinsa kusa da kunnensa.

Aka kira shari'a, na miƙe na gabatar da kaina, na ce mai tsayawa tana nan. Sufeto ya ce ba a saba karɓar mata ba, don in wanda ake tuhuma ya gudu ba a jin daɗin kama tsohuwa. Abin da na kwana biyu ina jira ke nan. Na karanto wa kotu sashen dokar gudanar da shari'ar laifuka da ya hana a ƙi mutum don kawai mace ce, na karanta a hankali, kalma bayan kalma, don Sufeto ya sami damar ji da kyau. Alƙali ya gyaɗa kai ya ce haka dokar take, a shigo da ita ya tantance ta. Na zauna ina jin kaina kamar na ci shari'ar duniya.

Inna Habi ta tsaya. Da Hausa ake magana, alƙali na rubutawa da Turanci. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa. Ya tambaye ta inda gonarta take, ta kwatanta har da maƙwabtanta na gabas da yamma. Sannan ya nuna Haruna da biro.

"Inna, kin san wannan da ke tsaye?"

"Na san shi, ranka ya daɗe." Ba ta dubi wajen ba.

"Mene ne sunansa?"

Ta sunkuyar da kai ta kama gyaran bakin mayafinta.

"To, ɗanki ne?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Ɗan mutanen gidan ne."

"Ke kika haife shi?"

"Ɗan kakarsa ne, ranka ya daɗe. Ita ta raine shi."

Daga bayan kotu na ji ana 'yar dariya ƙasa-ƙasa, don babu wanda bai gane ba. Haruna ɗan fari ne, kuma Bafillatana irin Inna Habi ba ta ambatar sunan ɗan farinta, ba ta amsa shi a gaban mutane, ko ido ba ta haɗawa da shi. Ni kaina 'yar fari ce, kuma har yau "ke wannan" mahaifiyata take ce mini. Duk zaman da muka yi da Inna Habi a ofis "yaron nan" take cewa, ni ma "yaron nan" nake cewa, muka fahimci juna, ta dangwala yatsa a takardar rantsuwa ba tare da an kai ga suna ba.

Lauyan kamfani ya raɗa wa Sufeto wani abu. Sufeto ya miƙe ya ce takardar rantsuwa ta ce ita ce mahaifiya, ga shi kuma da bakinta ta ce ɗan wasu ne, don haka ba ta cika sharaɗi ba, a mayar da wanda ake tuhuma gidan yari. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san Sufeto ma uwarsa Bahaushiya ce, ya san abin da ya ji. Na miƙe na fara bayanin al'ada, alƙali ya ɗaga mini hannu.

"Barista, ba sai kin koya mini kunya ba, a cikinta na tashi. Amma birona abin da aka faɗa yake rubutawa. In gobe aka kai ƙorafi sama, abin da za a karanta shi ne na karɓi matar da ta ce ba ita ta haife shi ba. Ki ba ni abin da zan rubuta."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san ƙofa ya bar mini a buɗe. Na roƙi a jingine shari'ar zuwa bayan azahar, wato a ci gaba da sauran shari'o'i a dawo kanmu a ranar. Ya amince.

Muka zauna a gindin darbejiyar da ke harabar, ni da Inna Habi da Mairo. Na yi mata bayani dalla-dalla: kalma ɗaya ake nema, in ba ta faɗa ba za a mayar da shi, kuma alƙali ba zai dawo ba sai an gama girbi.

"'Yar nan," ta ce, "duk wanda ke ɗakin can ya sani. Alƙalin ma ya sani. To, mene ne na sai na faɗa?"

"Inna, sanin bai isa ba. Sai an rubuta daga bakinki."

"A gaban maza? Shi kuma yana tsaye yana ji?" Ta girgiza kai. "Tun da aka yanke masa cibiya ban taɓa ba. Ko ubansa bai taɓa ji a bakina ba har ya koma ga Allah. Ki ce su riƙe gonar. Ki ce su ƙara da shanun. In ɗauri suke so, ga ni, su sa ni a madadinsa."

Na san ba taurin kai ba ne. Na koma gefe na kira Barista Garba na gaya masa halin da ake ciki. Ya yi ajiyar zuciya ya ce na yi ƙoƙari, in karɓo rana in taho. Na ce masa sai an tashi kotu tukuna, na kashe wayar kafin ya sake magana. Ban san me zan yi ba, amma na ƙudurta a raina ba zan hau motar Birnin Kudu ba alhali ana mayar da Haruna cikin ta fursunoni.

Ina dawowa na ji Inna Habi tana yi wa 'yarta faɗa. "Mairo, share hawayenki. In yayanki ya gan ki haka, hankalinsa ne zai ƙara tashi."

Na tsaya cak. Mairo ba 'yar fari ba ce, sunanta na fita a bakin uwarta ba wata wahala. "Yayanki" ma ya fita. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, in ban tambaye ki komai a kansa ba, na tambaye ki a kan Mairo kaɗai, za ki amsa?" Ta yi ɗan tunani, ta ce wannan kam ba komai.

Bayan an idar da azahar aka sake kiran mu. Na nemi izinin yi wa mai tsayawa 'yan tambayoyi, na kuma roƙi Mairo ta miƙe inda take.

"Inna, wace ce wannan?"

"Mairo ce, 'yata."

"Ke kika haife ta?"

"Ni na haife ta."

"Mene ne tsakaninta da wanda ke tsaye a can?"

"Yayanta ne."

"Ta wajen uba kaɗai, ko har da uwa?"

Ta dubi Mairo. "Nono ɗaya suka sha."

Na ga biron alƙali yana tafiya, na ji sanyi a raina. Na ce wa kotu mai hankali ya gama ganewa. Sai lauyan kamfani ya miƙe da kansa a karon farko, ya gyara kwat, ya nemi izinin cewa uffan. Cikin ladabi ya yi magana, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Ya ce kowa a ɗakin Musulmi ne, kowa ya san 'yan'uwantakar shayarwa. Mace na iya shayar da ɗan kishiyarta ko ɗan ƙanwarta ko maraya, su zama sun sha nono ɗaya da 'ya'yanta, amma ba ita ta haife shi ba. Sharaɗin kotu kuwa haihuwa ya ce, bai ce shayarwa ba. Ga kuma maganarta ta safe tana nan a rubuce.

In faɗa muku gaskiya, ya iya aikinsa. Na miƙe na mayar masa da martani iya ƙarfina. Na ce beli haƙƙi ne ba alfarma ba, kuma ba a kafa sharaɗi don ya zama tarko ba. Na ce mutumin nan bai kashe kowa ba, shanu ne suka bi hanyar da iyayensu suka bi. Ina jin a nan ne na saɓa wa umarnin oga na kada in ɗaga murya. Alƙali ya saurare ni har na gama, ya ajiye biro, ya dubi agogon bango, sannan ya dubi Inna Habi.

"Inna, zan sake tambayarki sau ɗaya. Abin da kika ce shi zan rubuta."

Kafin ya yi tambayar sai murya ta fito daga inda ba a zata ba. Haruna ne, wanda tun safe bai ce komai ba, ya dafa katakon da ke gabansa.

"Ranka ya daɗe, don Allah a bar ta. A mayar da ni, zan iya. Kada a sa ta."

Gandiroba ya daka masa tsawa. Amma Inna Habi ta riga ta juya. Ta sauke mayafin daga fuskarta, ta dube shi ido cikin ido.

"Haruna, yi mini shiru."

Haruna ya buɗe baki ya kasa rufewa, sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Ita kuwa ta juyo wajen alƙali, muryarta ba ta ko girgiza ba.

"Ɗana ne. Ni na haife shi, a ɗakin uwata, shi ne na fari. Rubuta, ranka ya daɗe."

Alƙali ya rubuta. Ya daɗe yana rubutun, fiye da tsawon maganar, kansa a ƙasa. Da ya ɗago ya tambayi Sufeto ko yana da sauran magana, Sufeto ya ce babu, bai ma dubi lauyan kamfani ba. Kotu ta karɓi mai tsayawa. Ni kuwa na yi ta jujjuya takardun fayil kamar ina neman wani abu, don kada a ga idon lauya ya kawo ruwa.

Kafin la'asar aka gama cike-ciken rajista aka sake shi. Ya fito harabar yana tafiya a hankali, ya nufo gindin darbejiya, ya durƙusa nesa kaɗan da mahaifiyarsa. Na zaci za ta ce masa wani abu. Ta riga ta mayar da mayafinta yadda yake, ta kuma juya masa gefe. Ta kwance tsumman, ta tura wa Mairo ƙwaryar furar da ta ɗauko tun daga Zandam.

"Ki miƙa wa wancan. Ki ce ya sha a hankali, cikinsa ba komai."

Da na je yi mata sallama ta riƙe hannuna ta sa mini albarka, har da iyayena. Sannan ta rage murya ta ce, "Amma 'yar nan, abin da aka ji a ɗakin can, a bar shi a can." Na ce mata in sha Allahu ba za a ji da sunanta ba, shi ya sa sunayen da na ba ku yau ba nasu ba ne.

Washegari Barista Garba ya saurari labarin bai katse ni ba. Da na gama ya turo mini fayil ɗin ta kan tebur ya ce tunda ni na taro, ni zan riƙe. Na riƙe kuwa. Daga baya an sallami Haruna, bai taɓa fashin zuwa kotu ba ko sau ɗaya, kuma duk zuwan da zai yi tana biye da shi a baya kamar ba tare suke ba. Maganar burtalin ita ce har yanzu muke kai da kawowa a babbar kotu, kuma ban da niyyar sakinta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mu lauyoyi mun saba ɗaukar magana abu mai arha, don da ita muke cin abinci. Mukan ce wa mutum "ki faɗa kawai", "ka amsa kawai", mu manta akwai kalmar da wani ya fi shekara talatin yana riƙe da ita. Kotu ba za ta fasa neman kalmar ba, kuma ban ce ta fasa ba. Amma mu da muke tsakanin mutanenmu da biron alƙali, aikinmu ne mu nemi duk hanyar da za a bi ba a kai ga nan ba, in kuma ta ƙi, mu san girman abin da muka sa aka bayar. Tun daga ranar, kafin in tsayar da kowa a gaban alƙali, bayan na gama tambayarsa abin da zai faɗa, sai na tambaye shi abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba. Don haka in aka aike ku karɓo rana, ku buɗe fayil ɗin tukuna ku ga wa zai kwana a ina kafin ranar ta zo.

Da yammacin Alhamis ɗin na isa Wurno, na yi sallama a tsakar gida, mahaifiyata na tankaɗe ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ke wannan, sai yanzu?" Na tsaya da jakar a hannu ina kallonta, na ce, "Na'am, Inna. Sai yanzu."